Akwatin zaren kabon zai iya maye gurbin na alminiyam a tauraron ɗan'adam?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne. Muna zana akwatin da zai ɗauki na'urar rarraba wuta da kwamfutar wani ƙaramin tauraron ɗan'adam. Girmansa santimita 30 da 20 da 10, bangonsa alminiyam ne mai kaurin milimita 1.5. An ce mu rage nauyi. Na karanta cewa fallen zaren kabon yana tare katsalandan ɗin igiyoyin lantarki har disibel 70. Tunda ya fi alminiyam rashin nauyi, me zai hana mu yi akwatin gaba ɗaya da shi? Akwai na'urar GPS da eriyar S-band kusa da akwatin. Allah Ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amin, tare da kai. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko disibel 70 ɗin da ka gani ya isa hujjar a jefar da alminiyam. Adadin gaskiya ne, sai dai an auna shi ne a kan falle shimfiɗaɗɗe wanda ba shi da murfi, ba shi da noti, ba shi da ramin waya. Kai kuwa akwati za ka harba. Ana yin irin wannan akwatin kuma yana aiki, amma sai ka biya da hannunka ayyuka huɗu da alminiyam yake yi maka kyauta: tare katsalandan, zama hanyar da wuta za ta bi idan an samu matsala, kwashe zafi, da rage ƙwayoyin furoton da ilektron da ke ratsa bango. Ta ɓangaren katsalandan zan fi daɗewa, tunda a nan tambayarka take.

Inda disibel 70 ya fito

Disibel 20 na nufin an rage ƙarfin igiyar sau 10, disibel 40 sau 100, disibel 60 sau 1,000. Bango yana yin wannan ragin ta hanya biyu: ya mayar da wani kaso baya, ya shanye wani kaso a cikin kaurinsa. Duka biyun sun rataya ne a kan yadda bangon ke barin lantarki ya gudana a jikinsa. Ana auna wannan gudanar da simens: alminiyam samfurin 6061 yana da kusan simens miliyan 25 a kowace mita. Fallen zaren kabon na yau da kullum, wanda aka jera zarensa ta fuskoki daban-daban aka daskarar da ifoksi (wani gam mai ƙarfi), yana tsakanin dubu 10 zuwa dubu 20 ne a shimfiɗe. Wato alminiyam ya ninka shi fiye da sau dubu. Ta kauri kuwa, daga wannan fuska zuwa waccan, abin ya fi haka lalacewa nesa ba kusa ba, domin ifoksin da ke tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa ba ya ɗaukar wuta.

Ɗauki dubu 20 ka ninka da kaurin milimita 1.5, za ka samu simens 30. Ga igiyar da ta taso daga nesa, kariyar falle ita ce 377 sau 30 a raba biyu, wato kusan 5,600, wanda ya kama disibel 75. Ka ga inda adadin naka ya fito. A gigahaz 1 (kaɗawa sau biliyan ɗaya a daƙiƙa) ma abin ya fi kyau, domin igiyar ba ta nutsewa fiye da kusan milimita 0.11 kafin ta fara mutuwa, kowane irin wannan zurfin kuma yana cin disibel 8.7. A wajen gigahaz zaren kabon ba shi da laifi ko kaɗan.

Matsalar tana ƙasa, a wajen kilohaz. Na'urar rarraba wutarka tana da masu sauya ƙarfin wuta da ke kunnawa da kashewa sau dubu 100 ko fiye a daƙiƙa, kuma abin da suke fitarwa a kusa filin maganaɗisu ne. Shi wannan ba ya komawa baya cikin sauƙi. Hanyar tare shi ita ce bango ya bar wata wuta mai ƙarfi ta zagaya jikinsa ta yi masa kishiya. Idan ka yi lissafin akwati mai girman naka a kilohaz 100, bangon kabon zalla zai ba ka disibel 2 zuwa 3, kusan babu ke nan. Alminiyam mai kauri ɗaya zai haura 60. Idan da na'urar auna maganaɗisu a tauraron, ko wayoyin firikwensin da ke ɗauke da ƙaramin sigina sun bi ta gefen akwatin, a nan za ka fara ganin hayaniyar da ba ka san daga ina take ba.

Ƙarfen da ake ƙara masa

Saboda haka kusan duk akwatin kabon da ya yi aiki yana da ƙarfe a jikinsa. Mafi sauƙi shi ne fallen jan ƙarfe mai kaurin maikiron 35, irin wanda ke kan allon da'ira. Shi kaɗai yana da simens kusan 2,000, ya ninka bangon kabon ɗinka gaba ɗaya sau sittin da wani abu, kuma zai ɗaga kariyar kilohaz 100 zuwa wajen disibel 35. Nauyinsa giram 310 ne a murabba'in mita. Akwai kuma ragar jan ƙarfe da ake tsagawa a buɗe, irin wadda ake sa wa jiragen sama masu jikin kabon saboda tsawa. Ita ta fi bin lanƙwasa, ifoksi kuma yana shiga ramukanta ya riƙe ta, don haka ba ta saurin ɓarewa. Ana shimfiɗa ta a mazubi a gasa ta tare da zaren a zubi ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a yi wa akwatin wanka da jan ƙarfe bayan an gama shi, a rufe da nikel don kada ya yi tsatsa. Hanya ta uku, a sayi zaren da tun daga masana'anta aka lulluɓe shi da nikel. Nikel yana da aibu biyu da ya kamata ka sani. Maganaɗisu yana kama shi, don haka yana rikita na'urar auna maganaɗisu. Kuma idan yana kan hanyar sigina mai ƙarfi kusa da eriyar aikawa, yana haɗa sigina biyu ya haifar da na uku, wanda kan faɗo daidai inda na'urar karɓa take saurare. Idan dole sai nikel, a nemi na wankan sinadari mai fosfaras sama da kashi 10 cikin ɗari, shi maganaɗisu ba ya kama shi.

Kada a yaudare ka da feshin alminiyam mai ƙyalli da ake yi a ɗakin da aka zuƙe iska. Kaurinsa kan tsaya wajen maikiron 0.1, simens 3 zuwa 4 ke nan, bai kai ko kabon ɗin da ke ƙarƙashinsa ba. Yana da amfani wajen zubar da caji, amma ba garkuwa ba ne. Kuza zalla da tutiya da kadmiyam kuwa haramtattu ne a kayan sama. Kuza tana tsirar da siraran gashi na ƙarfe da ke haɗa wuta, kuma su aka ɗora wa alhakin mutuwar tauraron Galaxy IV a watan Mayun 1998, ranar da mafi yawan na'urorin feja (masu karɓar gajeren saƙo) na Amurka suka yi shiru. Da yawa daga tef ɗin jan ƙarfe da gaskit (abin toshe bakin murfi) da ke kasuwa kuza aka shafa musu, sai ka duba takardar kayan kafin ka saya.

Sababbin kayan da ake ta rubutu a kansu suna nan. Cibiyar NASA ta Lewis, wadda yanzu ake kira Glenn, ta daɗe da gwada cusa wa zaren garafait sinadarin buromin, turjiyarsa ta ragu kusan sau biyar. Kumbon Juno da aka harba zuwa Jufita a 2011 ya tafi da fallen siraran bututun kabon na kamfanin Nanocomp a wasu sassansa, don kariya daga tartsatsin caji. Amma ka lura, na'urorinsa masu muhimmanci a cikin akwatin taitaniyam mai kaurin kusan santimita 1 aka kulle su. A 2016 masu bincike a jami'ar Drexel da cibiyar KIST ta Koriya ta Kudu sun auna disibel 92 a fallen wani sabon kaya mai suna MXene mai kaurin maikiron 45. Adadi ne mai ban sha'awa, sai dai kayan yana lalacewa a iska mai laima, kuma shi ma a falle aka auna shi. Ga aikin ɗalibai, ni jan ƙarfe zan ce.

Bakin murfi

A nan akwatuna suke faɗuwa, na alminiyam ma, balle na kabon. Gidan sauro ne: komai kyawun ragar, idan ba a cusa gefenta ƙarƙashin katifa ba, an yi aikin banza. Fuskar kabon da ta fito daga mazubi tana da siririn ifoksi a sama wanda ba ya ɗaukar wuta. Idan ka ɗora murfi ka ɗaure, ido zai ga ya rufe ruf, amma a wajen lantarki ba inda suka haɗu sai wurin noti, shi ma idan an yi sa'a. Tsakanin noti da noti tsaga ce, tsaga kuma eriya ce. Tana buɗewa gaba ɗaya idan tsawonta ya kai rabin tsawon zangon igiyar. GPS yana kan megahaz 1575.42, rabin zangonsa santimita 9.5. Idan ka jera notinka kowane santimita 10, kamar yadda aka saba a zanen farko, ka ƙera wa hayaniyar kwamfutarka ƙofa daidai kan GPS, siginar da take isowa da rauni ƙwarai, wajen dBm 130 ƙasa da sifili. Na'urar za ta kama taurari a kan tebur lokacin da kwamfutar ke kashe, a kunna ta su ɓace.

Ƙa'idar da aka saba ita ce tsaga kada ta wuce kashi ɗaya cikin ashirin na zangon, wanda zai ba da disibel 20 kacal. A gigahaz 2.2 na eriyarka wannan milimita 7 ne, ba wanda zai jera noti haka. Mafita ita ce a mayar da bakin gaba ɗaya ƙarfe. A naɗo fallen jan ƙarfen ya zagayo har kan leɓen da murfi zai zauna, a jikin akwatin da a murfin, ba tare da yankewa a kusurwa ba. Inda falle biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya da aƙalla santimita 1 zuwa 2, a haɗa da dalma ko gam mai azurfa. A goge ifoksin da ya malalo kan leɓen da samfefa mai laushi har ƙarfe ya fito. Sannan a sa gaskit mai ɗaukar wuta a cikin kwarmi, ko a yi wa murfin leɓe mai shiga ciki don hanyar ta yi tsawo ta lanƙwashe. Wasu sun fi son su manna firam ɗin ƙarfe siriri a bakin, su huta, ko da yake yana cin wani abu daga nauyin da aka rage.

Ma'aunin da ake nema tsakanin murfi da jiki, da tsakanin akwati da gangar tauraron, shi ne mili-om 2.5 ko ƙasa, kamar yadda NASA-STD-4003 ya tanada ga haɗin da ya shafi igiyoyin rediyo. Mitar hannu ba za ta auna wannan ba, wayoyinta kaɗai sun fi mili-om 100. Sai mita mai waya huɗu. Abin da aka fi gani a gwaji shi ne haɗin ya ci jarrabawa ranar da aka ɗaure shi, bayan an zagaya da shi zafi da sanyi ya ninka sau da yawa. Dalili biyu ne. Ifoksi yana lotsawa a hankali ƙarƙashin kan noti, ɗaurin ya saki. Sannan jan ƙarfe yana miƙewa kashi 17 cikin miliyan a kowane digiri, alminiyam 23, kabon kuwa kusan sifili zuwa 3, ga shi tauraron da ke kusa da duniya yana shiga inuwa ya fita sau 15 zuwa 16 a rana, fiye da sau 5,000 a shekara. Maganin shi ne noti ya ɗaure ƙarfe da ƙarfe ta cikin gurbin da aka dasa, da washa mai tsalle. Gurbin ya zama taitaniyam. Alminiyam da ya taɓa kabon kai tsaye yana ciwuwa idan da laima, kuma akwatin zai yi watanni a ƙasa, damina da rani, kafin ya ga roka. Idan akwai alminiyam a wurin haɗi, kada ya zama mai rufin anodayiz, shi ma ba ya ɗaukar wuta. A yi masa wankan kuromet irin na MIL-DTL-5541 aji na 3.

Soket ɗin waya su zauna a kan farantin ƙarfe da ke haɗe da fallen ta kowane gefe, rigar kebul kuma ta kama bayan soket ɗin zagaye guda. Idan aka murɗe rigar aka yi mata jela ta santimita 2.5 aka ɗaure a noti, wannan jelar tana da kusan om 16 a megahaz 100, duk wahalar mili-om ɗin ta tafi. Ramin fitar iska kuma dole ne, don iskar ciki ta samu hanya lokacin hawa. Ƙananan ramuka da yawa sun fi babba ɗaya, kuma rami mai zurfi ya fi: kowane zurfi da ya kai faɗin ramin yana ba da kusan disibel 32, muddin bangon ramin ƙarfe ne kuma ba a zura waya ta ciki ba.

Wani alheri ɗaya na kabon: akwati mai santimita 30 da 20 yana amsa amo a cikinsa a wajen megahaz 900, alminiyam kuma yana ƙara wa amon kaifi. Kabon yana shanye shi. Shi ya sa na fi son ƙarfen ya kasance a waje, kabon a ciki. Sharaɗin shi ne a shafe duk bakin da aka yanka ko aka huda da ifoksi, domin ɓurɓushin zaren yana ɗaukar wuta, a sama kuma ba ya faɗuwa ƙasa, yawo yake har ya sauka tsakanin ƙafafun wani abu. Yanka da gugar kabon a wani ɗaki daban ake yi, nesa da inda ake haɗa alluna.

Sauran ayyukan uku

Kada ka bar kabon ya zama hanyar dawowar wuta. Idan waya ta taɓa bango, turjiyarsa na iya hana fis tsinkewa, wurin ya yi ta zafi har ifoksi ya ƙone. A ja madaurin ƙarfe daga kowane allo zuwa wuri ɗaya, daga nan zuwa gangar tauraron, gajere mai faɗi, tsawonsa kada ya wuce faɗinsa sau biyar. Kuma kowane guntun ƙarfe, har ɗan fallen da ya rage a kusurwa, sai an haɗa shi da sauran. Ƙarfen da aka bari yana reto yana tara caji har ya yi tartsatsi. Binciken mutuwar tauraron Japan ADEOS-II a Oktoban 2003 ya kai ga bargon zafi da ba a haɗa da jiki ba, wanda ya naɗe wayoyin wuta.

Zafi: alminiyam 6061 yana kai wat 167 a mita a digiri, kabon ta kauri bai cika kai 1 ba. Akwai zaren da ake yi da kwalta, irin K13D, da ya ninka alminiyam sau huɗu ko fiye ta tsawonsa, amma yana da tsada da saurin karyewa. Ƙwayoyin sama kuwa nauyin da ke gabansu suke gani: bangonka na alminiyam giram 0.4 ne a murabba'in santimita, na kabon 0.24. Duk giram ɗin da ka cire, alluna ne za su sha. A falakin da ke kusa da duniya, na shekara ɗaya ko biyu ana iya jurewa. A falakin da taurarin sadarwa suke tsayawa, inda littafin NASA-HDBK-4002 yake ba da shawarar kwatankwacin milimita 2.8 na alminiyam saboda cajin ciki, sai an ƙara tantalam ko tangistin, ribar ta narke. Ifoksi da gam da gaskit kuma su ci gwajin ASTM E595: asarar nauyi kada ta wuce kashi 1 cikin ɗari, abin da ke daskarewa a kan madubi kada ya wuce 0.1.

Nawa za ka rage?

Fuskokin akwatinka shida murabba'in mita 0.22 ne. Alminiyam giram 890. Kabon giram 530, da jan ƙarfe 70, ya zama 600, kafin gurabun taitaniyam da gam da gaskit da farantin soket. Da wuya ribar ta wuce giram 200. Ga abin da zan so ka gwada tukuna: alminiyam mai kaurin milimita 1 nauyinsa kilo 2.7 ne a murabba'in mita, daidai da kabon 1.5 da fallensa. Idan injin sassaƙa ya rarake bangon ya bar haƙarƙari, ka samu ragin nan ba tare da ka taɓa ko ɗaya daga matsalolin da na lissafa ba. Inda kabon yake cin riba shi ne ƙarfin tsayuwa, domin taurin bango yana tafiya da kauri sau kansa uku, don haka a babban akwati ko faffaɗan murfi da girgizar roka ke kaɗawa, shi ne gaba.

Ga naka, shawarata a raba: gindi da bangon da soket suke su zauna alminiyam da aka rarake, su kwashe zafi su riƙe haɗin wuta, murfi da sauran bangon su zama kabon mai jan ƙarfe a waje. Masu sauya wutar a rufe su da ɗan murfin ƙarfe a kan allo, a matse zagayen da wutarsu ke bi, domin hayaniyar da aka kashe a tushe ba ta buƙatar bango.

Lissafin da na yi maka na ƙiyasi ne, an ɗauki akwatin kamar dunƙulalle mai bango iri ɗaya, kuma kaurin ƙarshe ya danganta da falakin da za ku da iyakar da masu harbawa suka gindaya. Gwaji ne zai yanke hukunci. ASTM D4935 na falle ne, daga megahaz 30 zuwa gigahaz 1.5, ba ya ganin murfi kuma ba ya ganin kilohaz 100. Na ƙaramin akwati shi ne IEEE 299.1, na na'ura gaba ɗaya kuma RE102 da RS103 na MIL-STD-461. Kafin ku kai can, ku ƙera akwatin gwaji da murfinsa na gaskiya, ku sa ƙaramin mai fitar da sigina mai batir a ciki, ku naɗa ɗan zobe a bakin kebul ku bi bakin murfin da shi a hankali kuna kallon na'urar nazarin sigina. Duk inda layin ya yi tsalle ku sa alama. Ku rubuta mili-om na kowane haɗi, ku kai akwatin zagayen zafi da sanyi da teburin girgiza, sannan ku sake auna wuraren nan ba tare da kun ƙara ɗaure ko noti ɗaya ba.